BABI NA UKU: TARIHIN GIDAN WASAN KWAIKWAYO NA GARIN RICHMOND DA YADDA AKA SAKE AMFANI DA GININSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda wasan kwaikwayo ya tashi daga dandali da farfajiyar masauki ya koma cikin gini na musamman. A wannan babi kuwa za a ɗauki gini guda ɗaya a bi diddigin tarihinsa, wato gidan wasan da ke garin Richmond a Arewacin Yorkshire ta ƙasar Ingila, wanda a yau ake kira Georgian Theatre Royal. An zaɓi wannan gini ne saboda shi ne gidan wasan ƙarni na 18 da ya fi kowane a Birtaniya zama a bisa siffarsa ta asali, alhali kuwa ya shafe fiye da shekara ɗari ana gwanjo da ajiyar kaya a cikinsa. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, me ya sa wannan gini ya tsira, yayin da takwarorinsa na manyan birane suka ƙone, ko aka rushe su, ko aka sauya musu kama?

3.1 Garin Richmond

Richmond ƙaramin gari ne na kasuwa da ke bakin kogin Swale. Garin ya ginu ne a gindin wata ganuwa da Alan Rufus ya fara ginawa a shekarar 1071, jim kaɗan bayan Normandawa sun ci ƙasar Ingila da yaƙi. A ƙidayar shekarar 2011 mutanen garin ba su wuce 8,400 da 'yan kai ba. A ƙarni na 18 garin ya samu bunƙasa ta hanyar cinikin ulu da saƙa da kuma darmar da ake haƙowa a tsaunukan Swaledale. Masu hannu da shuni na karkara sukan shigo garin a lokacin sukuwar dawaki, su kama masauki, su halarci raye-raye da liyafa. Irin waɗannan mutane su ne ainihin kasuwar mai gidan wasa.

3.2 Matsayin 'Yan Wasa a Idon Doka

Kafin a fahimci dalilin da ya sa aka yi ginin a shekarar 1788, wajibi ne a dubi dokar ƙasa ta wancan zamani. Tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, doka tana lissafa ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin 'yan iska masu yawon banza. A shekarar 1737 gwamnatin Robert Walpole ta kafa dokar lasisi wadda ta ƙara tsananta al'amarin. Dokar ta tanadi cewa dole a gabatar da kowane sabon wasa ga wani babban jami'in fada, wato Lord Chamberlain, ya duba kafin a nuna shi, sannan ta taƙaita nuna wasan magana don kuɗi ga gidajen da ke da takardar izinin sarki. A birnin Landan gidaje biyu ne ke da wannan gata, Drury Lane da Covent Garden. Daga baya wasu manyan garuruwa suka samu, kamar Bath da Norwich a 1768, da York da Hull a 1769.

Ƙungiyoyin da ke yawo a ƙananan garuruwa ba su daina wasa ba, sai dai sun riƙa yin sa cikin dabara da ɗari-ɗari. Wasu kan sayar da tikitin sauraron kiɗa, su ce wasan da ke biye kyauta ne. Sukan yi wasan a rumbun hatsi ko zauren gari ko ɗakin masauki, domin babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa ya yi gini a kan sana'ar da alƙali zai iya dakatarwa da rana tsaka.

A shekarar 1788 Majalisar Dokoki ta zartar da wata doka da ta ba alƙalan gunduma ikon ba ƙungiyar wasa lasisi na tsawon kwana 60 a gari ɗaya. Wannan doka ita ce ta buɗe ƙofa. Cikin 'yan shekaru ƙananan gidajen wasa suka bazu a garuruwan kasuwa na Ingila, kuma gidan Richmond yana cikin na farko-farko, domin an buɗe shi a shekarar da aka yi dokar. Abin lura a nan shi ne, iyakar kwana 60 ɗin ce ta tsara yadda ginin zai kasance. Mutumin da ya san ƙofarsa za ta zauna a rufe wata goma a shekara ba zai gina katafaren gida ba. Zai yi ɗan madaidaici mai sauƙin kuɗi, sannan ya nemi irinsa a wasu garuruwa don ya riƙa zagayawa.

3.3 Samuel Butler da Ƙungiyarsa

Wanda ya gina gidan shi ne Samuel Butler, ɗan wasa kuma shugaban ƙungiya, wanda aka haifa a 1750. A shekarar 1773 ya auri Tryphosa Brockell, wata bazawara da ta girme shi nesa ba kusa ba, wadda kuma ƙungiyar wasan ke hannunta. Ta wannan aure ne ragamar ƙungiyar ta dawo gare shi. Majalisar garin Richmond ta ba shi hayar fili a gefen wani lungu da ake kira Friars Wynd, aka buɗe gidan ranar 2 ga Satumba, 1788. Wasannin da aka nuna a daren farko su ne Inkle and Yarico na George Colman Ƙarami, da The Midnight Hour na Elizabeth Inchbald, dukkansu sababbi ne da aka fara nunawa a Landan a 1787. Wannan ya nuna cewa mutanen ƙaramin gari ba su yi nisa da yayin babban birni ba. Na farkon ma ya taɓo batun cinikin bayi, wanda a lokacin ake ta muhawara a kansa a Ingila.

Zagayen Butler ya haɗa da garuruwan Richmond da Harrogate da Ripon da Northallerton da Beverley da Whitby da Kendal da Ulverston. Ƙungiyar kan tsara isowarta kowane gari daidai da lokacin da jama'a ke taruwa, kamar makon sukuwa ko lokacin kasuwar shekara. Kuɗin shiga kashi uku ne: sule uku ga mai zama a rumfa, sule biyu ga mai zama a rami, sule ɗaya ga mai hawa bene. Akan haɗa babban wasa da ɗan gajeren wasan barkwanci a dare ɗaya, a sa waƙa ko rawa a tsakani, kuma akan sauya wasa kusan kullum, saboda 'yan kallon jiya su ne na yau. Ke nan ɗan wasa sai ya haddace matsayi da yawa a kansa.

Butler ya rasu a garin Beverley a 1812. Matarsa ta biyu, da daga baya ɗansa Samuel William Butler, suka ci gaba da tafiyar da ƙungiyar. A shekarar 1819 shahararren ɗan wasan nan Edmund Kean ya hau dandamalin Richmond, a lokacin da sunansa ya riga ya cika Landan.

3.4 Fasalin Ginin

Daga waje ginin ba shi da wani abin kallo. Dogon ɗaki ne na dutse mai kusurwa huɗu, wanda baƙo zai iya ɗauka rumbu ne ko sito. Duk hikimar tana ciki.

Ƙofa ɗaya ce kowa ke bi, inda akwai ɗan akurkin karɓar kuɗi wanda har yanzu yana nan. Daga nan hanya ta rabu uku. Mai sule ɗaya zai hau wata ƙunƙuntar matakala zuwa bene. Mai sule uku zai shiga ɗaya daga cikin rumfunan katako da suka kewaye zauren ta gefe uku. Mai sule biyu kuwa zai gangara ƙasa ya bi wani siririn lungu ya ɓullo a rami, wato wurin zaman da aka haƙa ƙasa da dandamali aka jera bencina marasa majingina. Ta haka ginin ya raba jama'a gwargwadon aljihunsu, amma kuma ya cusa su wuri ɗaya, kowa na ganin kowa. A zamanin Butler akan cusa mutum kusan 400 a wannan ɗan wuri.

Ƙanƙantar wurin ita ce babbar siffarsa. Faɗin bakin dandamalin mita 4.72 ne, zurfinsa zuwa bangon baya mita 6.4, kuma kujerar da ta fi kowace nisa ba ta wuce mita 10.7 daga dandamalin ba. Gaban dandamalin ya kutso cikin 'yan kallo, kuma akwai ƙofa ɗaya a kowane gefe, da ɗan baranda a samanta. Ta waɗannan ƙofofi 'yan wasa ke shiga da fita, su tsaya a gaba suna magana kusa da masu zama a rumfa, har mai kallo zai iya miƙa hannu ya taɓa rigar ɗan wasa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa marubutan wancan zamani suka yawaita sa ɗan wasa ya juyo ya yi wa 'yan kallo magana a asirce, domin a irin wannan gini raɗa ma tana isa kunne.

Haske kuwa na kyandir ne da fitilun mai, kuma ba a kashe na zauren idan an fara wasa, saboda haka mai kallo shi ma abin kallo ne. Akwai ƙofofin sirri a daɓen dandamali waɗanda ake fito da fatalwa ko a nuna kabari ta cikinsu, sannan ɗakunan sauya tufafi suna ƙarƙashin dandamalin. Ana sauya fage ta hanyar tura allunan zane a cikin kwarmin katako daga gefe da gefe, a gaban idon jama'a. A gaban bene akwai wani allon katako da 'yan sule ɗaya ke harbi da ƙafa idan wasa bai gamshe su ba. Ana iya cewa su ne masu sharhin farko a kan kowane wasa, kuma hukuncinsu ba ya jiran gobe.

3.5 Durƙushewar Gidan

Iyalin Butler sun daina riƙe gidan a 1830. Daga nan sai wasa ya zama na jefi-jefi, har aka rufe shi a 1848. Dalilan da suka jawo haka sun shafi ƙasar baki ɗaya. Bayan ƙarewar yaƙin Napoleon a 1815 tattalin arzikin manoma ya taɓarɓare. Wa'azin 'yan ɗariƙar Methodist da sauran masu tsananta ibada ya yi ƙarfi a arewacin Ingila, kuma suna ɗaukar gidan wasa a matsayin matattarar shashanci, saboda haka masu mutunci suka fara janye jiki. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Richmond a 1846, ya ba masu hali damar zuwa manyan birane su ga manyan 'yan wasa. A ƙarshe dokar 1843 ta soke gatan gidajen da ke da izinin sarki, abin da ya ƙarfafa manyan gidaje a biranen masana'antu, ya bar ƙungiyoyin zagaye ba kasuwa.

Sauran gidajen Butler ma sun sha irin wannan ƙaddara. Na Harrogate ya zama gidan zama, na Northallerton kuwa ya koma ɗakin ibadar 'yan Methodist, wato waɗanda suka yi wa'azi a kansa su ne suka gaje shi.

3.6 Gwanjo a Sama, Giya a Ƙasa

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci ga wannan nazari. Da aka rufe gidan a 1848, sai aka ba da shi haya a matsayin ɗakin gwanjo. Mai gwanjo yana bukatar fili shimfiɗaɗɗe, don haka aka shimfiɗa daɓe a kan ramin, ya daidaita da dandamali, zauren ya zama ɗaki ɗaya. A ƙarƙashin daɓen kuma aka gina rumbunan ajiyar giya. A tsawon shekarun da suka biyo baya ginin ya zama wurin dillalin hatsi, ya zama ma'ajiyar kujeru da gadaje, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka mayar da shi wurin tara tsofaffin takardu da tarkacen da ake sake sarrafawa don yaƙi.

Idan aka dubi abin da waɗannan sana'o'i suka ɓata da abin da suka bari, za a ga cewa ɓarnar ta tsaya ne a ƙasa. Rami da bencinansa da wani sashe na kayan aikin ƙarƙashin dandamali sun tafi. Amma rumfuna da bene da ginshiƙai da ƙofofin bakin dandamali da akurkin karɓar kuɗi duk sun tsira. Dalili kuwa a fili yake. Rushewa ma kuɗi take ci, kuma ɗan haya ba ya kashe kuɗi a kan abin da bai tsare masa hanya ba. Rumfa tana da amfani ga mai ajiyar kaya, bene kuma wuri ne na jibge tarkace. Bugu da ƙari, kasancewar akwai ɗan haya a ciki ya sa ana toshe yoyon rufi, domin ba mai yarda ruwa ya jiƙa masa hatsi. Gini na katako da aka bari babu kowa, ruwan sama da ruɓa ne ke cinye shi cikin 'yan shekaru.

A nan ne bambanci ya fito tsakanin wannan gida da gidajen da suka ci gaba da wasa. Gidan da ke samun ciniki dole ya bi zamani. A ƙarni na 19 masu irin waɗannan gidaje sun yanke gaban dandamali, sun toshe ƙofofin gefe, sun sa fitilun gas, sun faɗaɗa wurin zama, wasu ma sun rushe ginin ɗungurungum sun sake sabo. Gobara kuma ta cinye da dama, har da Covent Garden a 1808 da Drury Lane a 1809. Saboda haka ra'ayin wannan bincike shi ne, rufe gidan Richmond da wuri, kafin guguwar sauye-sauyen zamanin Sarauniya Victoria, shi ne babban abin da ya adana shi. Akwai wani misali da ke ƙarfafa wannan ra'ayi, wato gidan wasan Bury St Edmunds da aka gina a 1819. An rufe shi a 1925, kamfanin giya na Greene King ya mayar da shi ma'ajiyar ganguna, kuma da aka tashi gyara shi aka sake buɗewa a 1965, an tarar da ƙirarsa ta asali tana nan.

Sai dai bai kamata a ɗauka cewa kowace irin sake-amfani tana adana gini ba. Gidan da aka mayar wurin zama ko wurin ibada akan fasa masa tagogi, a cire rumfuna, a yi sababbin ɗakuna, bango kaɗai ke saura. Ajiyar kaya ce sana'ar da ba ta neman komai daga gini sai rufi da ƙofa mai kulle.

3.7 Sake Gano Gidan da Farfaɗo da Shi

Mutanen Richmond ba su manta sarai cewa ginin tsohon gidan wasa ba ne, amma ba su san darajarsa ba. A shekarun 1930 wani malamin tarihi na makarantar garin, Edwin Bush, tare da ɗalibansa suka fara bincike a kan ginin. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka kwashe tarkace aka yi wasa a ciki don bikin cikar garin shekara 850 da samun 'yancin gudanar da kansa. Masanin tarihin gidajen wasa Richard Southern ya nazarci ginin, ya kuma bayyana muhimmancinsa a littafinsa The Georgian Playhouse na shekarar 1948. Daga nan ne masana suka gane cewa abin da suke karantawa a littattafai da gani a zane-zane, ga shi nan tsaye a wani lungu a Yorkshire.

A 1960 aka kafa kwamitin amintattu wanda ba na neman riba ba, Lady Nancy Crathorne ta jagoranci neman gudummawa. Babban aikin shi ne cire rumbunan giya da daɓen mai gwanjo, a sake fito da rami, a mayar da bencina. An sake buɗe gidan a 1963, shekara 115 bayan rufe shi. Ya dace a faɗi a nan cewa ramin da mai kallo ke zama a yau sabon aiki ne da aka yi bisa alamun da suka rage a ginin da kuma ilimin masana, yayin da rumfuna da bene su ne na zamanin Butler. Wajibi ne mai nazari ya rarrabe tsakanin biyun.

A 1979 aka buɗe ɗakin adana kayan tarihi a gefen gidan. Abin da ya fi daraja a ciki shi ne wani zanen fage na daji, wanda aka yi tsakanin 1818 da 1836, kuma shi ne saitin fage mafi tsufa da aka sani a Birtaniya. Ba don Richmond aka zana shi ba, daga garin Royston ya fito, amma girmansa ya dace da irin wannan ƙaramin dandamali. Kwafinsa ake ɗorawa a dandamali, na asalin kuma yana ajiye. Hukuma ta sa ginin a rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihi, wanda ke nufin ba a taɓa komai a jikinsa sai da izini.

3.8 Tsakanin Adana Tarihi da Bukatar 'Yan Kallo

Mayar da ginin ga aikinsa na farko ya zo da tasa matsalar. Mai kallo na yau ba zai yarda da cunkoson mutum 400 ba, hukumar kashe gobara ma ba za ta yarda ba. Yana bukatar makewayi da wurin shan iska da hanyar shigar naƙasassu, abubuwan da Butler bai tanada ba. Idan aka fasa tsohon bango don samar da su, an ɓata abin da ake son adanawa. Idan kuma aka ƙi, jama'a za su ƙaurace, gidan ya rasa kuɗin gudanarwa.

Hanyar da aka bi a babban gyaran 2002 zuwa 2003 ita ce gina sabon ɓangare a jikin tsohon, a zuba wurin sayar da tikiti da wurin shaƙatawa da makewayi a can. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 1.6, kuma asusun cacar ƙasa mai tallafa wa kayan tarihi ya ba da kaso mai tsoka. A cikin zauren an kankare fenti an binciki launukan da ke ƙasa don a kusanci na asali, an kuma sa fitilun lantarki masu kwaikwayon hasken kyandir. Bayan wannan gyara wurin zama ya tsaya a 214, wato kusan rabin na da. A lokacin annobar korona, tsakanin 2020 da 2021, an yi amfani da rufewar dole aka sake gyara wuraren zama don su fi daɗi, da tallafin gidauniyar Hamish Ogston.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare ya rage yawan kujeru ko ya ƙara kuɗin kulawa, kuma gida mai kujeru ƙasa da 250 ba ya iya riƙe kansa da kuɗin tikiti kaɗai. Saboda haka gidan ya dogara da 'yan sa kai, da masu yawon buɗe ido da ake zagayawa da su da rana, da ƙungiyar wasan matasa, da wasan barkwanci na lokacin Kirsimeti, da kuma ɗaurin aure da ake yi a kan dandamali. Tashar jirgin ƙasan da ta taimaka wajen kashe kasuwar gidan a 1846 ita ma an rufe ta a 1969, ta zama wurin sayar da kayan lambu da na gona, sannan a 2007 aka sake buɗe ta da gidan silima da wurin cin abinci a ciki.